Harawar Lawwali

Gangara, 9 ga Maris, 1985

Aminina Maliki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da mutanen Isa. Yaya ƙafar Inna?

Ka tuna bara da malamin gona ya zo neman wanda za a koya wa ajiyar ciyawa a Sabon Birni? Ni ya fara tuntuɓa. Na ce shekara talatin ina kiwo, ba yaron makaranta ne zai nuna mini ciyawa ba. Sai ƙanena Lawwali ya tafi. Ya dawo yana yankan ciyawa tun tana ɗanya, yana shanya ta a inuwa, yana ɗora harawar wake bisa rumfa. Karan gero ma sai ya daddatse, ya yayyafa ruwan gishiri. Mun yi masa dariya, ni na fi kowa.

Ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba, kamar yadda ka sani. Yau shanunsa bakwai suna tsaye, nawa sai an ɗaga su. Har daga Burkusuma ake zuwa ƙofarsa, ana ce masa Malam. Yaron da ni na koya wa ɗaure maraƙi! In na ji ana yabonsa a masallaci, ƙirjina zafi yake. Kai kaɗai na faɗa wa.

Naka,
Sodangi

Gangara, 2 ga Afrilu, 1985

Maliki,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Allah ya sa zafin nan bai taɓa ku ba.

Lawwali ya aiko mini da dami huɗu na harawa a kan jaki, da rana tsaka, kowa na kallo. Na mayar masa. Matata Binta ta yi kuka, ta ce girman kaina zai cinye garken. Kwana biyar bayan haka farar saniyata ta kwanta, muka yanka. Lawwali ya zo ya taya ni fiɗa. Da ya yi mini gori, da na fi samun sauƙi. Ya sake kawo harawar ta bayan gida, na karɓa, amma har yau ban iya yi masa godiya ba.

Na ji za a yi irin wannan koyarwa a Isa kafin damina. Ka sa sunana, za ni zo in sauka gidanka. In Lawwali ya tambaya, ka ce ƙafar Inna na zo dubawa.

Amininka,
Sodangi