Gangar Mutanen Nakkasa

Shisha, Makka

Zuwa ga jikana Nawaf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan hayaniyarka. Uwarka Basma ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana. Kada ka ce me ya hana in kira ka. Kunne ya tafi, a waya bakin mutum kawai nake gani yana motsi.

Maganar ganga ce. Kafin azumi ka zo ka durƙusa ka ce aro kake so, ku ɗauki sautinta a sabon faifanku ka dawo da ita. Ga shi an yi Hajji har alhazai sun watse. Yanzu ana ce mini gari-gari kuke yawo da ita, kuna kiɗan rok a manyan filaye. Ban san rok ba, ban kuma tambaya ba.

Gangar nan ba tawa ba ce, ajiya ce. Tun da aka rushe layinmu a Nakkasa mutanenmu suka watsu, wasu Jidda, wasu bayan gari. Ba abin da ke tara mu sai biki, ba a kuma biki sai da ita. Ayman jikan Hajiya Larai zai yi aure Alhamis ɗin ƙarshen watan gobe. Na ce mata ganga tana nan. Kada ka mai da ni maƙaryaci da furfurata.

In za ku kaɗa, a gasa ta gefen garwashi, nesa-nesa, ana shafa ta da tafin hannu.

Kakanka, Sada

*

Riyad

Sidi,

Wa alaikumus salam. Ina sumbatar kanka, kakana. Ka yi haƙuri da Hausata, ka san ta fi ƙarfi wajen neman abinci.

Wallahi da ka ga abin da gangarka ta yi a nan. Ana kashe fitilu duka, in fito ni kaɗai in buga ta, sannan jita ta shigo. Filin ya cika har sama, mutane suna ihu da sunan faifan. Nakkasa muka sa masa, ya Sidi. Yaran da ba su taɓa taka Makka ba suna kiran sunan unguwarmu.

Saura Dammam da Dubai da Alƙahira. Alƙahira ta faɗo daidai ranar bikin Ayman. Ba za a iya kawo musu masu kiɗa daga Jidda ba? Ni zan ɗauki nauyi.

Ka gaida Mama. Ka rage shan shayi da sukari.

Nawaf

*

Nawaf,

Gaisuwa. Sukarina ba ruwanka.

Uwarka ta nuna mini hoton wasanku mai motsi. Na ga hayaƙi, na ga wani mai gashi kamar tsintsiya yana tsalle, na gan ka. Kunne ne ya mutu, ido yana nan. Fatar da ke bakin gangar nan fara ce tas tana ƙyalli. Tawa launin ƙasa ce, da tabon yatsuna a gefen dama. Me ya faru?

Masu kiɗan Jidda kuwa, ka kai su bikinka.

Sada

*

Dammam

Sidi,

Gaisuwa da neman afuwa. Na so in gyara kafin ka sani.

Ba a yarda a shiga da wuta filin wasa ba, ko garwashi ɗaya. Ga Dammam da damshin teku, fatar ta saki, ba ta amsawa. Wani cikin ma'aikatanmu ya hura mata na'urar busar da gashi. Ta ɗaure sosai, ina bugun farko ta tsage. Muka sa mata fatar roba. Tun ranar ba na iya cin abinci. Tsohuwar fatar tana jakata, na naɗe ta a cikin rigata.

Nawaf

*

Abokina Nawaf,

Salamu alaikum. Uwarka ta gama karanta mini da ƙarfi a bakin kunne, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wannan ne ya hana ka cin abinci? Ci abincinka. Fata ai fata ce. Ni kaina ban san sau nawa na sake mata ba. Akwai mahaucin da ke ajiye mini ta maraƙi, in jeme ta a saman bene, kafin biki ta kama. Ka dai kawo da wuri.

Abu ɗaya nake tambaya. Da kuka buɗe bakinta, kun tattara tsakuwoyin cikin kun mayar? Ka lura kada ko ɗaya ta faɗi.

Kai kana karatu a Jidda lokacin, amma ai ɗan unguwa ne kai, ka sani. Ranar da motocin rusau suka iso ƙasan tudu, na kwance igiyar gangar na zauna bakin masallaci. Kowane gida ya ɓanɓaro tsakuwa daga dokin ƙofarsa ya jefa ciki. Hafizu tela ya kawo tasa yana kuka kamar mace mai naƙuda, yanzu yana kabari. Mu'minat mai ƙosai ta jefa biyu, ta ce ɗaya ta ɗanta ce da aka mayar Nijar. Shi ya sa a biki, kafin a buga, ake zagayawa da ita kowa ya girgiza ya ji gidansa. Wannan kacau-kacau ɗin da ke bin sautinta, su ne.

Allah ya yi maka albarka.

Kakanka

*

Dubai

Sidi,

Takardarka ta iso.

Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini. A biki ina ganin tsofaffi suna girgiza ta, na ɗauka gwada nauyi suke yi.

Ba a Dammam ba ne. Tun a ɗakin ɗaukar sauti ne, cikin azumi. Injiniyanmu ya ce akwai ƙara a cikinta da ke ɓata sauti. Muka sassauta igiya, ni da hannuna na juye ta a kan jarida. Na ɗauka datti ne. Mai shara ya kwashe. Na kira wurin, sun ce ba su san inda aka zubar ba. Sautin da ke faifan Nakkasa, ya Sidi, na ganga ce wadda ba kowa a ciki.

Injiniyan ya ce zai zo da kansa ya ba ka haƙuri, amma ba Musulmi ba ne, ba ya shiga Makka.

Ga shawara, kada ka yi fushi. Har yanzu akwai ɓaraguzai a gefen tudun. In tsinto tsakuwa daga can in zuba kafin ka ɗaure sabuwar fata. Ƙasar ɗaya ce. Hajiya Larai ba za ta gane ba, kuma za ta ji daɗi.

Jikanka, in har yanzu kana so,
Nawaf

*

Nawaf,

Wa alaikumus salam. Ka bar baƙon injiniyan nan, shi ba ɗan kowa ba ne a layinmu.

Kada ka tsinto komai. Ka kawo ta yadda take.

Uwarka tana cewa in bari ka yi Alƙahira tukuna. Na ce ta rubuta abin da na faɗa. Ranar Alhamis bayan La'asar za a zagaya da ganga. Hajiya Larai ce babba, ita za ta fara girgizawa. Ni zan tsaya a gefenta. Kai za ka miƙa mata.

Sada