Zare Inci Bakwai

Litinin, 4 ga Yuni, 1956

Ranar 26 Inna za ta tashi zuwa Jidda a jirgin sama. Ta sa na ɗinka wa Baba babbar riga, wai kada su haɗu a hanya ta same shi cikin tsumma. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya fita Makka a ƙafa. Wasiƙa ɗaya tak, daga Sudan. Duk wanda ya tambaye ni a Fagge amsata ɗaya ce: hanyar da nisa, yana tafe.

Asabar, 9 ga Yuni

Na kai wa Ambrose wandonsa Sabon Gari. Shi ke auna kayan fasinja a filin jirgi. Na tambaye shi nisan Jidda. Ya shimfiɗa taswira, ya cire zaren da ke maƙale a hulata, ya ja shi daga Kano zuwa can. "Mil dubu biyu da 'yan kai, Malam Modu. A tashi yau, gobe war haka an isa."

Na ce to Baba fa? Ya ce jirgi ba ya kewaya kogi, ba ya tsayawa noma don neman guzuri. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Lahadi, 10 ga Yuni

Na auna zaren. Inci bakwai. Shekara sha ɗaya cikin inci bakwai? Ko taswirar ce ƙarama? Kaina ya ɗaure.

Talata, 26 ga Yuni

Kayan Inna sun wuce nauyi. Ta sauke garin kunu da kilishinta, ta bar rigar a cikin kayan. Ta roƙi Ambrose ya gaya wa direba ya bi ta ƙasa-ƙasa, ita kuma a ba ta bakin taga don ta hango Baba. "Ko cikin mutum dubu na san tafiyarsa." Ambrose ya kalle ni. Ya ce, "To Mama, zan faɗa masa."

Haushinsa na ji, ban san dalili ba.

Laraba, 27 ga Yuni

Wai ta isa. Ko ruwan da ta ɗebo bai ƙare a randa ba.

Alhamis, 12 ga Yuli

Maƙwabcinmu Gana ya tambayi labarin Baba. Na buɗe baki in ce da nisa, maganar ta ƙi fita. In kwana ɗaya ne, me ya riƙe shi? Tsoro nake ji.

Juma'a, 17 ga Agusta

Hajiya Inna ta dawo. Gajimare kawai ta gani. A Makka ta bi masaukan Barebari ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san Goni, wato Baba. Rigar na nan a naɗe yadda na naɗe ta. Ta ajiye ta a kan keken ɗinkina.

Litinin, 20 ga Agusta

Ba aiki yau, ruwa ake ta yi. Don kada in zauna haka nan na ɗauko rigar. Baba ya fi ni tsawo da inci uku. Na rage.