Ajin da Kuke Gani a Bayana

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ni lafiyata ƙalau, kada ta sa damuwa a ranta.

Na ga saƙonki cewa zaurenmu na malamai a waya ya zaɓe ni in gabatar da darasi ranar Asabar, kai tsaye, tare da ɗalibaina. Yaya, ki taimaka ki kashe maganar nan. Ki ce makarantar ta hana ɗaukar yara a bidiyo. Wannan ba ƙarya ba ce.

Ajin da kuke gani a bayana idan muna taro ta bidiyo, mai farin allo da kujeru kala-kala, na gaske ne. Sai dai ina shigarsa ne bayan an tashi, da bokiti da tsintsiya. Wai takardar shaidata ta malanta ba ta aiki a ƙasar nan sai na sake jarrabawa. Komai lokaci ne.

Dabarar koyar da lissafin rabawa da murafen kwalba da kika turo zauren, na gwada ta. Na jera murafen, na yi bayani tiryan-tiryan, kujerun nan ko ɗaya ba ta yi surutu ba. Na kwashe, na goge allon.

Don Allah kada shugaban zaure ya ji, kada a cire ni. Can kaɗai ake ce mini Malam.

Allah ya bar zumunci. Idan Inna ta tambaya, ki ce mata ajina ya fi na kowa tsafta.

Ƙaninki