Jinin Hayatu

Ƙofar Kware, Talata, 9 ga Shawwal 1353

Daga Sadiyatu zuwa ga yayana Malam Illo, ma'aikacin asibiti. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da iyali. Bayan haka,

Na ji ka zo ta'aziyya anka tare ka a ƙofa. Wallahi ban sani ba sai da Dijatu mai nono ta hwaɗa mini, ita ce kuma za ta kawo maka wagga takarda a ƙarƙashin faifanta. Ka san halin maigidan. Tun ran da ka kama aikin asibiti ya ce mai ɗibar jinin Musulmi shina kai wa Nasara ba zai sake taka mishi zaure ba.

Shekara takwas ban kira sunan ɗan farina ba don kunya. Yau kunyar mi ta rage? Lawali. Lawali ya tahi, Yaya. Yara bakwai Tambari wanzami ya yi wa kaciya, shida suna nan suna cin kaji, nawa kwana uku shina zubar jini. Anka sa garin bagaruwa, anka sa toka, anka ƙona tsumma anka danna. Munka kwashe rairayin ɗakin munka zuba sabo, shi ma ya jiƙe. Rana ta uku leɓɓanshi sunka yi fari fat, ya ce mini ƙishirwa. Kafin in kawo moɗa an gama.

Daga makabarta maigidan bai biyo gida ba. Shi da ƙannenshi biyu sunka wuce rumfar Tambari. Wai dafi ya shafa wa askar, saboda rigimar magudanar ruwa da sunka yi da damina. Sunka jawo tsohon nan tsakar hanya, sunka kife turmi, sunka ɗora hannunshi na dama, maigidan ya ɗauki taɓarya. Ina cikin gida ina jin kowane bugu. Sai da ya daina ihu sannan sunka cinna wa rumfar wuta. Har yau babu wanda ya kai magana gaban alƙali, kowa tsoro shike ji.

Ga abin da ya sa na rubuta maka. Maigidan ya rantse da Alƙur'ani ran Alhamis ta sama za a yi wa Hayatu, ƙanen Lawali, kaciya. Ya aika garin Dundaye a kawo wani wanzami, a yi a ƙofar gida gaban jama'a, don kowa ya shaida jinin gidanshi lahiya lau yake, Tambari ne makashi. Da ma kumburin gwiwa ne ya hana a haɗa Hayatu da yayanshi. Yaron da ko bango ya goga sai wurin ya yi baƙi ya tashi, shi za a sa wa aska?

Wani abu shina cina a rai. Ran sunan kowanne cikin yaran nan biyu, marigayiya Inna ta tsaya ƙyam ta hana a cire musu belu, har ta yi kuka. Na tambaye ta dalili ta ce in yi shiru. Kai ne babba, kuma kai ke aikin jini. Mi Inna ta sani? Don Allah kada ka ɓoye mini. Shi kaɗai ya rage mini.

Ƙanwarka cikin baƙin ciki,
Sadiyatu

*

Asibiti, Laraba, 10 ga Shawwal

Zuwa ga ƙanwata Sadiyatu. Aminci ya tabbata a gare ki. Allah ya jiƙan Lawali, ya sa mai ceto ne, ya ba ki haƙuri. Bayan haka,

Tambari shina wurinmu. Ni na riƙe shi Likita Bature ya yanke yatsu uku, sauran biyun ma ba za su sake riƙe aska ba. Mutumin da ya yi mini kaciya da hannun nan! Mijinki Dodo azzalumi ne, na faɗa, ki yage takardar in kin gama karantawa.

Kin tambayi abin da Inna ta sani. Tsakanina da ke akwai wani, sunanshi Haruna. An ce miki zazzaɓi ya kashe shi. Ƙarya ne. Rana ɗaya anka yi muna kaciya, tabarma ɗaya munka kwanta. Ni na warke, shi ya tsiyaye a gefena kwana huɗu. Ƙanen Inna ma ƙaho anka yi mishi a ƙeya, bai tashi ba. Inna ta sa ni rantsuwa kada in faɗa, don kada a ƙi aurenki. Na riƙe rantsuwar har ta ci Lawali. Wannan nauyin a wuyana yake, ba a wuyan Tambari ba.

Jiya na kwashe duka na faɗa wa Likita. Ya ce sun san ciwon, har a gidajen sarautar ƙasarsu akwai shi. Jinin mai shi ba ya daskarewa. Ta wajen uwa yake bi, mace tana ɗauke da shi ba ya taɓa ta, sai ya faɗa kan wasu daga cikin 'ya'yanta maza ya bar wasu. Babu dafi, babu sammu.

Amma ba a yanke magana sai an gwada, ga shi ba ni da hanyar ganin yaron. Don haka ke za ki yi. Cikin tsumman nan akwai gilashi biyu da allura. Ki tafasa allurar. Ki soki ɗan yatsanki, ki ɗiga jini babba a gilashi ɗaya, ki soki na Hayatu kaɗan, ki ɗiga a ɗayan, ki danne mishi yatsan da auduga kada ki saki. Ki kife ƙoƙo a kansu don iska kada ta busar. Mu da agogo muke aunawa, ke ki auna da Ƙulhuwallahu, ki riƙe tasbaha. Duk ƙafa goma ki ɗaga ƙoƙon ki ja bakin allura cikin ɗigon. In kin ga wani siririn zare ya biyo allurar, jini ya kama. Ki rubuto mini a ƙafa nawa naki ya kama, a ƙafa nawa nashi.

Abu ɗaya, kuma ki ji ni da kyau. Duk abin da kika gani, kada ki faɗa wa Dodo. In ya gane ta wajenki abin ya biyo, kanki zai juyo.

Yayanki,
Illo

*

Ƙofar Kware, Asabar, 13 ga Shawwal

Yaya Illo, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, da ido ɗaya nike gani.

Na yi yadda ka ce, da hantsi, bayan ya fita kasuwar fata. Nawa ya kama a ƙafa arba'in, zaren ya biyo allura sarai. Na Hayatu na ja a arba'in, ruwa. A ɗari, ruwa. Na kai ɗari uku bakina ya bushe, allura tana wucewa kamar cikin romo. Yaron shina ta dariya wai innarshi tana wasa da jini. Yatsan ya tsaya da na danne, amma da la'asar na tarar ya sake jiƙa audugar.

Ka ce kada in hwaɗa mishi. To in zuba ido har Alhamis? Da ya dawo na durƙusa na ajiye gilasan nan biyu gabanshi, na ba shi labarin Haruna. Na ce, Malam, ka sake ni in kana so, ka ce wa duniya jinina ne ruɓaɓɓe, amma ka bar yaron nan.

Ya taka gilasan da takalmi. Ya ce to ashe Nasara sun shigo mishi har ɗaka. Ya kama ni da kitso ya buga kaina da ginshiƙi, ya ciro igiyar rijiya ya ninka. Ban san iyakar bugun ba, na dai farka Hayatu shina zuba mini ruwa a fuska. Haƙarƙarina na hagu in na ja numfashi kamar ana soka mini wuƙa.

Ka san abin da na gane? Ba wai bai yarda ba ne. Na ga idonshi lokacin da na ambaci kumburin gwiwa. Amma in ya yarda, to ya ragargaza hannun mutum a banza ke nan, gaban unguwa duka. Wannan ne ba zai iya haɗiyewa ba, gara mishi ya sa ɗanshi a gaban aska.

Ya sa an toshe ƙofar baya. Dijatu ta kan katanga take miƙo mini nono yanzu, Allah ya saka wa baiwar Allah wagga. Saura kwana biyar. Ni na yi iyakar nawa, Yaya. Kai namiji ne, kana waje, ka yi wani abu.

Sadiyatu

*

Asibiti, Talata, 16 ga Shawwal

Ƙanwata, sannu, sannu. Allah ya isar miki. Ki ɗaure ƙirjin da zane, kada ki ɗauki tulu.

Na ɗauki Tambari a kan jaki na kai shi gaban Sarkin Aska, na kwance hannun kowa ya gani, na yi bayanin ciwon. Wanzaman birni sunka yi rantsuwa babu mai taɓa Hayatu. Na Dundaye ma an aika mishi, ya ce ko da doki anka zo ɗaukarshi ba shi zuwa. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ashe ban san Dodo ba. Jiya bayan azahar sunka tare ni a bakin kasuwa, su uku. Ƙannen sunka danne ni, shi ya zaro wuƙar fata ya tsaga mini dantse tun daga gwiwar hannu. Ya hana kowa matsowa. Ya tsuguna shina kallon ciwon, mutane sun yi zobe, har jinin ya daskare ya tsaya. Sai ya ɗaga hannuna sama ya ce, “Jama'a ku duba! Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da matata. Ina jinin da ba ya tsayawa?” Ina ihu ina cewa ba kowane ɗa yake kamawa ba, wa zai ji ni? Har wasu sunka yi kabbara. Jikina da kaina ya ba da shaida a kaina, Sadiyatu. Ɗinki goma sha ɗaya Likita ya yi mini, ban ji zafinsu kamar wannan ba.

A nan ya faɗa gaban kowa, tunda wanzamai sun zama mata, shi da hannunshi zai yi ran Alhamis.

Saboda haka ba sauran lallashi. Gobe Laraba da hantsi, in ya fita kasuwa, ki ɗora Hayatu kan turmi ki miƙa wa Dijatu ta katanga. A hankali, kada ya gurje ko kaɗan. Ina tsaye da jaki a bakin ƙofar gari. Likita ya yarda yaron ya zauna a asibiti, ya kuma ce zai yi magana a kai ƙara. Ke ma ki hau ki biyo shi, kada ki tsaya ɗaukar ko zane.

Allah ya fid da mu.
Illo

*

Ƙofar Kware, Laraba

Daga Dodo zuwa ga Malam Illo. Salamu alaikum. Liman ke rubuta mini, na ce ya sa yadda na hwaɗa, kada ya gyara.

Na yi mantuwa na dawo gida, na tarar ƙanwarka tana miƙa yaron ta katanga. Na fizgo ƙafarshi. Bakinshi ya bugi gefen turmi, haƙori ɗaya ya fita. Haƙorin yara ne, da ma shina girgiɗa.

Tun hantsi ke nan, yanzu an kira azahar. Babu aska, babu Tambari, babu kowa sai ni. Na danna auduga, na danna rawanina, rawanin ya jiƙe har ƙarshe. Shina kan cinyata, ya fara cewa ƙishirwa.

Ka kai ni gaban alƙali gobe, ka sa a yanke mini hannun, na yarda. Amma yau ka zo. Ka zo da Baturen, ka zo da duk abin da kuke da shi. Na aiko da doki, kada ka hau jaki.

Dodo