Kunnen Auta na Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban su Auta da yaran gaba ɗaya. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, Ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdulillahi. Maigidan ya daina hawa bene da sauri tun da gwiwa ta tuna masa shekarunsa, amma in aka tambaye shi sai ya ce takalmin ne bai yi masa daidai ba. 'Yan biyu sun gama jarrabawa, ɗaya tana cewa ta cinye, ɗaya tana cewa a dai taya ta da addu'a, kuma kin san wadda na fi yarda da maganarta. Sanyi ya shigo mana da ƙarfi bana, sai mun rufe tagogin shago duka kafin yatsu su yarda su riƙe allura.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, ni da ko gajeren saƙo sai na sa yara sun rubuta mini. Sau uku na ɗauki waya a makon nan zan kira ki, sau uku na ajiye. Na san ina jin muryarki zan koma hirar sanyi da ciwon baya, mu yi sallama ban faɗi komai ba. Maganar a kan 'yarki Auta ce. Tana nan a ƙafafunta, tana ci tana sha, yanzu haka ina jiyo ƙarar keken ɗinkinta. Amma akwai abin da ya same ta, kuma akwai hannuna a ciki, don haka ki yi haƙuri in faro miki daga farko.

Kin tuna ranar da kika kawo mini ita ta koyi ɗinki, shekara uku ke nan da 'yan watanni. Kika zaunar da ni a gefen gado, kika buɗe jakarta, kika fito da hular nan mai faɗin baki da kwalaben man kare fata daga rana, kika jera mini su kamar mai shirin buɗe kanti. Kika ce fatar zabiya kamar Auta ba ta da abin tare rana irin na tamu, saboda haka kowace safiya sai ta shafa a fuska da wuya da kunne da bayan hannu, ko za ta fita ko ba za ta fita ba, ko ana zafi ko ana sanyi. Na ce miki to. Gaskiyar magana, a cikina dariya nake yi. Na ce Yaya dai da tsoro, tun muna yara ita ce mai hana mu leƙa rijiya. Wace rana ce za ta bi mutum har cikin ɗaki?

Kin san idon Auta ba ya gani sosai. A makon farko na ga tana ta fama da zare a can ƙuryar shago, sai tausayi ya kama ni. Na ɗauke kekena daga bakin babbar tagar gilashi, wurin da ya fi ko'ina haske, na sa nata a wurin. A ganina gata na yi mata, har matan shagon suka yi ta tsokanata wai 'yar gida ta zo an manta da su. Tagar tana hagunta, kuma daga hantsi har bayan la'asar rana tana kwance a wannan gefen nata. Da yake mu mata ne zalla a ciki, tana shigowa take rataye hular da mayafi a ƙusa, ta ɗaure ɗankwali ta baya, kunne da wuya duk a waje.

A shekarar farko ba ta taɓa fashin man ba. Abin ya lalace ne a kan farar rigar wata shugabar makaranta, mace mai tsabtar da har ta yi yawa, irin masu juya riga su duba ɗinkin ciki kafin su amsa gaisuwa. Auta in tana aikin hannu sai ta kawo yadi dab da fuskarta don ta ga layin zare, har kumatunta ya taɓa shi. Da matar ta zo karɓa ta ɗaga rigar a haske, sai ga tabon maiƙo a wuya da ƙirji. Ta wanke ni tas a gaban mutane, ni kuma tana fita na juye a kan Auta. Dama dokar shagona ce ba a taɓa yadin mutane da mai a hannu. Na ce mata daga ranar dokar ta hau fuska ma. In za ta fita ta shafa abinta, amma a cikin shago, ƙarƙashin rufi, bayan gilashi, ba ta da abin yi da shi. Ta buɗe baki ta fara cewa ai Umma ta ce, na katse ta na ce Umma ba ta nan, kuma Umma ba ta san yadi ba. Daga bakina maganar ta fito, Yaya, ba wanda ya sa ni.

Daga nan abin ya yi ta zamewa. Da safe tana fitowa kafin rana ta yi ƙarfi, tafiyar minti biyar ce, ga hula ga mayafi, sai ta ga ba amfanin shafa abin da za ta goge a ƙofar shago. Da sanyi ya shigo gari ya yi lumshi, ni da kaina na ce mata ranar sanyi ba ta da kaifi. Har matsawa take yi jikin gilashin don ta ji ɗumi, ni kuma ina jin daɗi wai na ba ta wuri mai kyau. Duk lokacin da kika kira kika tambaya ko tana shafawa, nakan ce miki tana shafawa. A lokacin ban ɗauke shi ƙarya ba, na ɗauke shi kwantar miki da hankali. Man da kike aikowa kuwa, shekaranjiya na jawo aljihun teburin kekenta na tarar da guda tara ko murfinsu ba a ɓalle ba, huɗu har wa'adinsu ya wuce.

Mai kitsonmu ce ta fara gani, wajen wata uku da suka wuce. Tana tsefe wa Auta kai sai ta kira ni ta nuna mini saman kunnenta na hagu. Wani ɗan wuri ne mai kaushi da ɓawo, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce ta gan shi tun kitson baya, kuma da zarar tsinke ya taɓa shi sai jini. Na ce ƙafar tabarau ce take gogarta. Na samo ƙyalle mai laushi na naɗe ƙafar tabarau ɗin, na ɗinke da hannuna, ina ta ji da kaina na yi dabara. Ɓawon ya faɗi ya dawo, ya sake faɗuwa ya sake dawowa. Mai kitson nan, Allah Ya saka mata da alheri, ita ce ta rantse ba za ta ƙara taɓa kan Auta ba sai mun nuna mata takardar asibiti.

Likitar fata muka gani, mace mai ƙaramar murya, ba ta gaggawa. Ta duba kunnen da wata 'yar fitila, ta shafa kumatun hagu da yatsa, ta shafa na dama, ta koma na hagu, ta duba gefen wuya. Sannan ta tambayi sana'ar da Auta take yi. Da aka ce ɗinki, sai ta tambaya ko a bakin taga take zama, kuma ko tagar tana hagunta. Yaya, matar nan ba ta taɓa taka shagona ba. Sai da na nemi kujera na zauna.

Ta yi mana bayani a hankali, ga shi yadda na fahimta. Ta ce ba zafin rana ne yake ɓarnar ba, wani haske ne a cikinta da ido ba ya gani, jiki ba ya ji. Gilashi yana tare mafi yawan wanda yake ƙona fata nan take, shi ya sa ba mu ga ta yi ja ba har mu farga, amma akwai wani da yake ratsa gilashi ya shige fata, ɓarnarsa tana taruwa a hankali. Sanyi ba ya kashe shi, gajimare ma rage shi kawai yake yi. Ta ce wanda yake zaune can tsakiyar ɗaki nesa da taga ba sai ya takura kansa ba, amma mai wuni a jikin gilashi kada ya ɗauka a inuwa yake, balle zabiya. Ita kam shafa man kullum ne, da zafi da sanyi, kuma a ƙara in yini ya yi nisa. Na tambaya mu fa masu duhun fata, ta ce haɗarinmu bai kai nata ba ko kusa, amma mu ma ba ƙarfe ba ne. Ta kuma ce akwai irin man da ba shi da maiƙo, yana bushewa cikin 'yan mintuna. Shekara biyu ban taɓa tambayar kowa ko akwai irinsa ba.

Da likitar ta tambayi abin da ya sa aka daina shafawa, kafin in motsa baki Auta ta ce ƙiwarta ce kawai. Ni kuwa na yi shiru na bar ta da laifin, kuma wannan shirun ya fi komai ci mini rai. Likitar ta ce ɓarnar rana tun ƙuruciya take taruwa, ba mai iya cewa tagar ce kaɗai. Na riƙe wannan maganar kwana biyu ina rarrashin kaina da ita, sai na tuna kumatunta na dama sumul yake.

Sun yanki ɗan fatar wurin sun kai gwaji, sakamako ya fito ranar Talata. Ciwon dajin fata ne. Don Allah ki karanta sauran kafin ki ajiye takardar. Likitar ta ce an kama shi da wuri, a iya abin da suka gani bai bazu ba, kuma irinsa in aka cire da wuri galibi ana warkewa. Za su yanke saman kunnen ranar sha takwas ga wata mai kamawa, sannan su bi ƙananan wuraren da suke kumatu da wuya da magani. Bayan nan za a riƙa duba ta duk bayan 'yan watanni. Auta ba ta yi kuka ba. Tambayarta ɗaya ce, in an rage kunnen ina tabarau zai zauna. A hanya har tana tsokanata wai yanzu sai in ɗinka mata igiya ta ɗaure shi ta ƙeya, tunda na ƙware a gyaran tabarau. Na yi dariya don ta yi, muna isa gida na shige banɗaki na buɗe famfo.

A shago na sa wa tagar labule mai kauri, na mayar da kekenta ciki, na kafa mata fitila a saman allura. Ba ta jin daɗin hasken, jiya sau uku tana warware bakin siket ɗaya, ita da babu mai hannunta a shagon. Ni ma na kasa komawa bakin tagar, ragowar yadi muke tarawa a wurin.

Auta ta roƙe ni kada in gaya miki sai an gama aikin, in kuma ya zama dole, in ce ita ce ta ƙi shafawa. Ta ce tun da iyayenmu suka rasu mu biyu muka rage wa juna, ba ta so a ce a kanta muka ɓata. Yarinyar da na cutar ita take neman rufa mini asiri. Na ce mata to, irin to ɗin da na ce miki a gefen gado. Ga shi ita ma na saɓa mata, amma ba zan yarda a shiga da 'yarki ɗakin tiyata kina can kina zaton tana shafa mai ba. Amana kika ba ni, na ga kamar na fi ki sani, kuma na yi miki ƙarya a kai. In kin ga dama ki tafi da ita bayan aikin, ba ni da bakin hanawa.

Ki gaida mini Baban su Auta, ki kuma zaɓi lokacin faɗa masa, bayan ya ci abinci ya sha maganin hawan jininsa. Ki gaida Dogo da matarsa da jaririn da har yau hotonsa kawai na gani, da Gwaggo in kin leƙa ta. Maigidan yana gaishe ku, ya ce ko wace rana kika sa zai je tasha ya ɗauko ki. 'Yan biyu ma suna gaisuwa.

Yanzu ni nake shafa mata man da hannuna kowace safiya kafin mu fita. Yau na gama fuska da wuya na rufe kwalbar, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, Umma daga kunne take farawa, wai nan ne kowa yake mantawa. Tana faɗa na sake buɗe kwalbar. Da bakinta ta ce kada a gaya miki, amma ni na ga fuskarta a lokacin. Ki zo kafin sha takwas, Yaya. Ko ba za ki yi mini magana ba, ki zo.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
mai shagon ɗinki