Butar da Na Ajiye a Bayi

Daren Laraba, Bodinga

Kunya ta hana ni barci. Tsohuwar butar tangaran mai sheƙi da na tsinta a rumbu, a bayi nake ajiye ta. Yau Gwaggo, yayar surukina, ta zo daga Kajiji, ta zaga, ta fito rungume da ita.

"Ɗiyata, mi ya kai wagga bayi?" Ta shafa shuɗin zanen. "Babanmu ya zo da ita daga Makka. Duk jaririn gidan ga, da ita aka fara ɗiga mai zamzam. Har mijinki."

Da ma faɗa ta yi. Na dirje butar da toka har hannuna ya yi zafi. Wata mai kamawa zan haihu, ban sani ba ko za a ɗauko ta.