Na Sa an Sauke Dutsen Zobenki

Inna,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, shekara biyu ke nan da muka kai ki makwanci. Amma bakina ya saba kai miki rahoto, kuma yau akwai labari.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau, masarar gonar Kurugu har ta fi Yaya Kabiru tsayi. Jar saniyarki ta haihu, kuma halinta na nan, ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata lallashi. Babban labarin shi ne autarki Sadiya ta sauka lafiya a Falgore, an samu mace. Sunanki aka sa mata, muna ce mata Ummi.

Zobenki ne ya sa na ɗauki biro. Wannan na gwal mai dutsen daimon guda ɗaya, wanda marigayi Baba ya kawo miki daga Makka. Ni ya faɗo wa a rabon gado. Kin san yadda dutsen yake a tsaye can sama, wasu 'yan ƙafafu huɗu sun ɗaga shi kamar tukunya a kan murhu. Ranar da na fara sa shi ya kama mayafina, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, dutsen ya soma girgiɗi. Dole na kai shi Kano wurin maƙerin gwal.

Mutumin ya ce zaɓi biyu ne. Ko ya gyara ƙafafun ya bar dutsen a sama, inda haske ke shiga ta ko'ina yana walƙiya, ko ya sauke shi cikin jikin zoben ya zagaye shi da gwal. Idan an sauke, ƙyallin zai ragu, amma ba zai kama zane ba, ba zai karci kowa ba. Ya ce in je in yi shawara.

Yaya Kabiru kuwa ya hau dokin naƙi. Wai haka Baba ya zaɓo shi, haka hannunki ya san shi, wace ce ni da zan canza? Ya ce in gyara in mayar cikin kwalla kamar yadda kika yi. Sati guda ina juya maganar, ana cikin haka Sadiya ta haihu. Ina so in je suna da zobenki a hannuna, in ɗauki takwararki da shi. Amma ta yaya zan kai wannan tsinin kusa da fuskar jaririya, ni da na san abin da na sani?

To, ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Tabon da ke kuncin Sadiya, ni ce.

Ina shekara tara, tana wata huɗu. Kin cire zoben kin ɗora a kan murfin kwalla kin tafi tuƙa tuwo. Na ɗauka, ya yi mini yawa, sai na naɗa masa jan zaren ɗinkin hula na zura a babban yatsa. Ina ta yanga, na sunkuya in yi mata wasa, dutsen ya tsaga mata kunci. Ta tsala ihu. Na warware zaren a gurguje, na mayar da zoben, na gudu bayan rumbu. Kika shigo, kika zura zobenki, kika sungume ta, sai ga jini. Da Baba ya dawo yana faɗa, ina jin ki kika ce ke ce, garin ɗaukarta. Daga ranar ba ki ƙara sa shi ba. Ko biki, ko salla.

Shekara ashirin da shida ina ɗauke da wannan, Inna. Duk sanda na ga mata sun yi ado hannunki ba komai, sai in kau da kai. Na raba ki da kyautar mijinki, na bar ki da laifin da ba naki ba. Kina jinya na zo zan faɗa ya fi a ƙirga, sai in ɓige da tambayar ko za ki sha kunu.

Kwana uku da haihuwar na je Falgore barka. Da muka keɓe na ce wa Sadiya ta yafe mini, na zayyane mata komai ina kuka shaɓe-shaɓe. Kin san me ta yi? Dariya! Har tana riƙe ciki tana cewa in bari, jikinta bai warke ba. Ta ce ai tun tana amarya kika gaya mata. Wai da kika zura zoben kin ga guntun jan zare maƙale a ƙafarsa, kuma ni kaɗai ce mai wasa da zaren nan a gidan. Kin san zafin hannun Baba, shi ya sa kika ɗauka. Kuma wai kin ce dama zoben ya ishe ki, kullum yana cikin kama miki gashi da zane, kin samu dalilin ajiye shi ba tare da ran Baba ya ɓaci ba.

Haba Inna! Ashe kin sani? Duk kunun nan da nake ta tambaya, kina kallona kina jira? Me ya hana ki ce mini, Dije, ya wuce? Ko kin faɗa ta hanyarki, ni ce ban ji ba?

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun dawa daga ka. Washegari na koma Kano na ce a sauke dutsen. Yaya Kabiru ya yi ta ƙunƙuni, da ya ji labarin sai ya ce Allah ya jiƙan Inna. Gaskiya ne, ƙyallin bai kai na da ba. Amma ina wanki da shi, ina dama fura, in zan yi alwala in juya shi ruwa ya shiga, bai taɓa kama ko zare ba.

Ranar suna ni na yi wa Ummi wanka. Na shafa kuncinta da bayan hannuna, dutsen ya bi ta kan fatarta, ko motsi ba ta yi ba. Sadiya na gefe tana kallo, tana shafa nata tabon tana murmushi.

Na gode, Inna. Ki yafe mini jinkirin. Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Taki,
Dije, mai jan zare